Barewar da Muka Mayar Daji

Kwanakin baya maigidana na ofis ya aike ni ƙetaren gulbi in duba masa wani filoti da ake son sayar masa. Ni mai gadi ne a Sama Road, amma a wurinsu mai gadi shi ne ɗan aike, shi ne mai wankin mota, shi ne komai. Na hau babur ɗin kabu-kabu muka tafi. Da yaron ya tsaya ya ce mun iso, na sauka na yi tsaye kamar wanda aka mara. Na san wurin. Na san tudun, na san inda rana take faɗawa a bayansa, amma tabkin babu shi. An cike shi da ƙasa da shara, wasu samari suna buga bulo daidai inda a da ruwa yake kai wa mutum ƙugu. Na tambayi ɗayansu ko ya san a nan bareyi suke shan ruwa. Ya dube ni ya kwashe da dariya, ya ce, "Baba, barewa nan? Ai ko an yi su, ku tsohhi kunka harbe su kunka canye." Wannan maganar na sha jin ta, a rediyo, a bakin masu dogon karatu, a bakin yaran da ko zomo ba su taɓa gani yana gudu ba. Ban ce bindiga ba ta yi nata ba. Amma garken da na sani, na wancan tabkin, ba bindiga ce ta ƙarar da shi ba. Ƙuda ne, kuma a kan idona aka yi.

Gidanmu yana wajen Ƙofar Taramniya, can cikin lungu inda jaki biyu ba sa iya giftawa. A lokacin ba injin janareto ke tada mutum ba. Kana kwance za ka ji guga ta bugi ruwa a rijiya, ka ji taɓare sun fara amsa wa juna daga gida zuwa gida, ka ji takun baƙin ƙauye da suka yi sammako za su Hubbare ziyara, suna tafe suna salati ƙasa-ƙasa. A gidanmu kuwa akwai wani sautin da babu shi a maƙwabta: ƙarar ƙananan kofato a kan busasshiyar ƙasa, da wani atishawa siriri da barewa take yi in ta ji motsin da ba ta yarda da shi ba. Babana maharbi ne, ubansa ma maharbi ne. A tsarin maharban wancan zamani kowa da dajinsa, ba mai shiga na wani sai ya nemi izini, kuma rabon gidanmu shi ne wannan tabkin da abin da ke shan ruwansa. Baba ya san garken kamar yadda mai awaki ya san awakinsa. Ya san mai karyayyen ƙaho, ya san tsohuwar da take gaba in za su sauko ruwa, ya san wadda take da ciki tun kafin cikin ya fito. Ba ya harbin mace ko da yunwa za ta kashe mu. Namiji ma sai ya ga sun yi yawa suna faɗa, sannan ya cire ɗaya. Abin da ya fi riƙe gidan shi ne 'ya'yan bareyi, waɗanda uwa ta mutu ta bari ko ta yar. Yakan kawo su gida mu raine su, in sun yi wayo attajirai su saya su ajiye a gidajensu don kwalliya. A da in ka shiga gidan babban ɗan kasuwa ka ga barewa tana yawo a tsakar gida, ka san ka shiga gida. Yanzu mota ake jerawa, kowace da ƙyalle a kanta kamar gawa.

Ina ajin ƙarshe na firamare Baba ya cire ni. Ba da faɗa ba, ba da shawara ba. Muna cin tuwo ya ce, "Boko ta ishe ka hakanan. Ka iya rubuta sunanka, ka iya karanta na wani. Tabki na nan, shi na gadonka." Inna ta ce, "Malam, ka bari shi ƙare mana, saura kaɗan." Ya ce, "Barewa takarda taka tambaya?" Shi ke nan. Ni kuwa murna na yi, ba zan yi ƙarya ba. Abokaina suna shan bulala a aji, ni ina koyon karanta sawu a laka, ina koyon tafiya ta inda iska ba za ta kai warina ba. Aikin gida ma nawa ne: yankan ciyawa da sanyin safiya, tsintar 'ya'yan gawo, jiƙa dusa da ɗan kanwa, sharar garka, ɗura wa adaka, bindigar Baba, albarushi in ya ba ni izini. Haka na tashi har gemu ya fara tsiro mini, ban san wata sana'a ba, ban kuma nemi sani ba. Duk abin da zan zama a duniya yana bakin tabkin nan yana shan ruwa.

Akwai wata 'yar barewa da muka tsinta cibiyarta ba ta ko bushe ba. Ni na raine ta. Ina tsoma tsumma a nonon akuyar Inna ina matsa mata a baki, har ta koyi tsotsar yatsana. Na saba mata da wani fito, ko tana ina in na yi sai ta sheƙo. Inna takan ce, "Ga matarka can tana nemanka," don in na fita sai ta tsaya a bakin zaure ta ƙi cin komai. Da ta girma Baba ya sayar da ita ga wani Alhaji mai fataucin gero da kanwa, wanda Buzaye suke sauka a gidansa da raƙumansu. Na ji zafi, amma sana'a ce. Alhaji ya sa ta a wani fili bayan gida inda ake ɗaure raƙuman baƙi, ni kuma nakan kai mata ciyawa lokaci-lokaci.

A wannan shekarar wasu Buzaye suka makara. Damina ta riske su a gari suna jiran hatsi, alhali su ba sa yarda ruwa ya same su a kudu. Filin Alhaji ya zama taɓo, ruwa ya kwanta, bobuwa ta yi yawa. Wanda bai san bobuwa ba, wani ƙaton ƙuda ne mai koren ido, in ya cije ka sai ka ga jini, ta cikin riga ma huda mutum yake yi. Raƙuman suka fara lalacewa, tozo ya zube, ido yana hawaye. Damina ta kusa ƙarewa Alhaji ya aiko a kira Baba. Muka je muka tarar da barewar a tsaye kai a ƙasa, haƙarƙari a waje, ƙasan cikinta ya kumbura, idonta yana zuba. Na yi mata fito, ta ɗago, ta tako a hankali kamar tsohuwa.

Alhaji ya ce, "Maharbi, ɗauke abarka don Allah. Ban son ta mace min cikin gida yara su cika ni da kuka."

Akwai wani dattijon Buzu, shi ne babba a cikin masu raƙuman, yana zaune a kan buhu yana dafa shayi. Ya taso ya buɗe fatar idon barewar, ya duba ya ga fari fat, ya ce, "Maharbi, ban san barewa ba, amma wannan idon na san shi. Ciwon raƙumana ne. Na ƙudan damina. Ka yanka ta ka binne."

Baba ya yi dariya, ya ce, "Kai da kar rufe fuska da rawani sai ido, yaushe kag ga ciwon barewa? Mi ya haɗa ta da raƙumi? Shi ƙaya yaka ci, ita ciyawa."

Buzu ya ce, "Ba a baki yake shiga ba."

"To ta ina? Kewar daji ta, ba wani abu ba. An ɗaure ta cikin taɓo da warin fitsarin raƙumanku, ko ni anka aje nan sai na rame."

Buzu ya koma wurin shayinsa, ya ce, "Dabbarka ce."

Dole in yi bayanin wani abu a nan, don yaran yanzu ba za su gane ba. A gidan maharba irin namu akwai doka: dabbar dajin da ka ciyar da hannunka ba ka sa mata wuƙa, ba ka cin namanta. In ta tsufa ko ta yi ciwo, ka mayar da ita inda aka ɗauko ta. Tsofaffinmu sun yi imani iskar daji da ciyawar daji su ne maganinta, in kuma kwananta ya ƙare, to ta mutu a cikin danginta. Ba mugunta ba ce, kunya ce da tausayi. Kakana ya yi, Baba ya yi ba sau ɗaya ba, ba a taɓa ganin sharrin abin ba. Don haka maganar Buzu ko a hanya ba mu sake tada ta ba.

Muka ɗora ta a jaki, muka shiga jirgin fito muka ƙetare gulbi. Fadama ta cika, ciyawa ta kai kafaɗa, bobuwa kuwa kamar an zuba. Wuyana duk ya yi jini kafin mu isa. Muka sauke ta a inuwar wani marke kusa da inda garken yake saukowa. Nan da nan ƙudan suka baibaye ta, suna sauka suna tashi. Baba ya shafa bayanta ya ce, "To, ga gida nan. Mun sauke nauyi." Muka juyo, ina waiwaye.

Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne ta warke. Ko in ce mun ga kamar ta warke. Kafin a gama girbin gero ta shiga garke, ta murmure, gashinta ya kwanta yana sheƙi. In na yi fito daga nesa sai ta ware daga cikinsu ta zo ta shinshina hannuna ta koma. Baba ya samu abin faɗa a majalisa. Duk wanda ya zauna sai ya ji labarin Buzun da ya ce a yanka. "Da na bi ta tashi da na yi asarar rai a banza. Su raƙumi sunka sani, mu daji munka sani." Ni ma ina gefe ina washe baki.

Da rani ya shigo ruwa ya janye, duk abin da ke dajin ya dawo bakin ɗan ruwan da ya rage, ƙuda ma nan ya tattaru. A nan muka fara ganin abin da ba mu taɓa gani ba. Farko ɗan tayi muka tsinta a cikin ciyawa, ba gashi, uwar ta zubar. Sai wani. Sai muka ga tsohuwar da take jan garke tana tsaye a fili da rana tsaka, muka matso har muna jin numfashinta, ba ta gudu ba. Barewar da ba ta gudu! Baba ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Inna lillahi." Idonta yana hawaye, ƙasan cikinta a kumbure. Ko a lokacin bai haɗa da maganar Buzu ba, ko kuma ya haɗa ya ƙi faɗa. Cewa ya yi wani maharbi mai hassada ya zuba wa ruwan dafi. Ya ɗebi ruwan ya ba kaza, kaza ta sha ta ci gaba da tononta. Ya ce to sammu ne. Ya karɓo rubutu, ya binne layu a kusurwoyin tabkin. Angulu dai ba su fasa sauka ba. Kullum muka je sai mun ga inda suka taru, mu je mu tarar da ƙaho da fata. Wari ya kama wurin da a da ƙamshin ciyawa da laka kawai kake ji. Har dila muka gani da rana yana tafe yana karo da kututture, idonsa fari. Ita kuwa tamu tana nan sumul, tana kiwo a tsakiyar masu mutuwa.

Karnukanmu na farauta sun ci mushen, ba mu hana su ba, don kare da mushe ba sabon abu ba ne. Ba a daɗe ba idanunsu suka yi fari kamar an ɗiga nono, suna karo da bango, suna kwanciya su kasa tashi. Ɗaya bayan ɗaya muka ja su zuwa bayan gari. Da ya rage saura wata baƙar karya, ban tambayi Baba ba, na saka ta a buhu na kai ta kara, kasuwar dabbobi, wurin wani malamin dabbobi da yake duba shanu. Mutane suna ta dariya, wai ga wanda ya kawo kare asibiti. Shi bai yi dariya ba. Ya tsaga kunnenta, ya shafa jinin a ɗan gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin nan nasu na ganin ƙwayoyin cuta, ya juya shi ya kamo hasken rana. Ya duba, ya ce, "Zo ka sa ido nan." Na sa. Wallahi har yau in na rufe ido ina ganinsu. Wasu abubuwa ne sirara kamar 'ya'yan kifi, suna wutsil-wutsil a tsakanin jinin, suna ture shi. Na ɗago na ce, "Malam, wannan duk a cikin karyar?" Ya ce, "Har sun fi haka. Ina ta samo?"

Na ba shi labari tun daga filin Alhaji. Ya ce irin sammoren nan ne da ke kama raƙuma. Ya yi mini bayani yadda zan gane. Bobuwa ba ta da haƙuri, in ta fara shan jinin dabba aka kaɗa mata wutsiya, sai ta tashi ta faɗa kan ta kusa da ita, bakinta da sauran jinin waccan. Haka take ɗauka daga raƙumi ta sa wa barewa, daga barewa ta sa wa 'yar'uwarta. Kare da dila kuma a ɗanyen nama suke samu. Na ce to ai wadda muka kai ta warke. Ya girgiza kai ya ce, "Wata dabbar takan tashi, amma abin yana nan a jininta. Ita ba ta mutu ba, ba ta kuma rabu da shi ba. Ƙuda yana zuwa yana ɗiba kamar rijiya." Na tambaye shi allura. Ya ce akwai ta raƙumi da ta shanu, ita ma wani lokaci abin ɓuya yake yi ya dawo, kuma wa zai bi barewar daji da allura?

Baba ya ce ƙarya ne, sai ya gani. Mutumin nan, Allah Ya saka masa, ya ɗauko madubinsa a bayan babur ya biyo mu har tabkin. Na yi fito, ta zo, na riƙe ta ya ɗebi jini a kunne. Ya daɗe yana nema, har Baba ya fara murmushi. Can ya ce, "Baba, bismilla." Baba ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya kamar zai yi harbi, ya duba. Ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi ya ce, "Suna motsi." Malamin ya ce in damina ta sake sauka tana cikinsu, ƙuda zai ninka, abin da ya rage ma zai tafi. Ya ƙara da cewa, "Ko kun cire ta ban yi muku alkawari ba, don ban san nawa ne suka riga suka ɗauka ba. Amma barinta ya fi muni."

Baba ya so ya dawo da ita gida. Labari kuwa ya riga ya zaga unguwa, kowa ya ga yadda karnukanmu suka ƙare. Maƙwabcinmu mai jakai, wanda da su yake ɗaukar ƙasa yana ci da iyali, ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Maharbi, mun yi zaman lahiya da kai shekara da shekaru. Kada ka kawo muna wagga dabba cikin unguwa. In jakaina sunka mace, kai za ka ciyar min da ɗiya?" Baba ya ce zai ɗaure ta a ɗaki. Mutumin ya ce, "Ƙuda sallama yaka yi kahin shi shiga ɗaki?" Aka yi dariya, Baba bai yi ba. A gida ma Inna ta ce, "Malam, awakin ga su ɗai gare ni." Ya nemi wani mahauci ya bi mu ya yi yankan, mahauci ya ce shi ba ya tafiya ƙetaren gulbi don naman da za a binne. Maharba 'yan'uwansa kuwa ba wanda zai taɓa dabbar da aka raina a gidan maharbi. Kwanaki suna tafiya, zafin bazara ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa.

Wata safiya bayan an yi yayyafin farko ya ce in ɗauko fartanya da shebur. Bai ɗauki bindiga ba. Muka je muka haƙa rami mai zurfi, har sai da na daina ganin waje, don kada dila ya tone. Da muka gama ya zauna a bakin ramin yana wasa wuƙa a dutse, ya wasa, ya wasa, wuƙar da tun a gida take aske gashi. Sannan ya ce, "Kira ta."

Na ce, "Baba, ko ni in yi?"

Ya ce, "Kai ka ba ta nono. Ni na ce a kawo ta. Kira ta."

Na yi fiton. Ta fito daga cikin sabara da ɗan gudunta, kunnuwa a tsaye, ta zo ta sa hanci a tafin hannuna tana neman 'ya'yan gawo. Na rungume wuyanta na kwantar da ita, ko shure-shure ba ta yi ba, ta ɗauka wasa ne. Baba ya yi bismilla. Ya sa mata wuƙa. Muka tura ta ramin, muka kankare ƙasar da jini ya taɓa muka zuba, muka rufe, muka ɗora ƙaya da duwatsu. A hanyar dawowa, a cikin jirgi, yana kallon ruwa, ya ce, "Ubana bai taɓa yanka abin da ya raina ba." Daga ranar bai sake zama a majalisa ba.

Muka jira damina ta wuce. Ciyawa ta rufe komai, ba ka iya sanin me ya rage. Baba yana ta lissafin waɗanda ya gani da ƙafafunsu kafin ruwa, yana cewa in mata kaɗan suka tsira garke zai tashi, barewa ba ta da wuyar yaɗuwa. Ni ma na riƙe wannan, don ba ni da wani abin riƙewa. Sa'o'ina a lokacin wasu sun zama malaman makaranta, wasu suna da rumfa a kasuwa, ni kuwa abin da na iya shi ne in dubi laka in faɗa maka wa ya taka.

Da rani ya dawo ruwa ya janye, muka je. Baba ya bi gefen tabkin a sunkuye, ni ina bayansa da adaka. Ga sawun shanu, ga na awaki, ga na jaki, ga na yaran Fulani. Muka zagaye ruwan kaf, muka sake zagayewa. Can wajen marken ya tsaya, ya tsuguna, ya sa yatsa a cikin wani sawu. Na matso da murna. Ya bi shi da ido har cikin ciyawa, ya dawo ya duba hagu da dama ko akwai wani a gefensa. Babu.

Ya ce, "Namiji na. Shi ɗai."

Na ce ko matan suna wani ruwan. Ya ce, "Wane ruwa? Nan da tahiyar yini babu wani ruwa, ka sani." Muka ɓuya har la'asar, ya sauko. Mai karyayyen ƙahon nan ne, lafiyayye, ya yi ƙiba. Ya sha ruwa, ya ɗaga kai yana shinshinar iska ta kowace fuska, ya yi wannan atishawar tasu, ya saurara. Ba abin da ya amsa masa.

Baba ya yi mini raɗa, ya ce, "Ga shi nan. In ka so ka harba, in ka so ka bari, wani mai karnuka shi ɗauka. Naka na. Ban da wani abin da za ni bar ma."

Na harbe shi. Inna ta yi miya da shi, muka aika wa maƙwabta, har mai jakai ya samu. Baba ya ce shi ba ya jin yunwa, ya sha fura ya shiga ɗaki. Ni na zauna na ci, na ƙara, na tauna ƙashi. Gadona ke nan, na cinye shi da tuwon dawa, da gari ya waye na tafi kasuwa neman dako.